Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Yunwa da Faɗuwar Ikon Uba a Arrow of God da Alhaki Kuykuyo Ne

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna zancen lalacewar gida da gushewar kwarjinin iyaye, laifin yakan faɗa kan na ƙasa. A ce mata sun daina biyayya, a ce boko ya buɗe wa yara ido, a ce baƙin al'adu sun shigo sun raba ɗa da mahaifinsa. Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi wanda yake zaune a kan buzu ba, balle a tambaye shi abin da ya yi da amanar da aka damƙa masa. Ƙagaggun labarai biyu da wannan maƙala za ta yi tarkensu sun yi wannan tambaya, kuma sun yi ta ba tare da kunya ba.

Na farko shi ne Arrow of God na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1964, labarin Ezeulu, babban mai tsafin Ulu a ƙasar Umuaro ta Ibo, a farkon shekarun 1920. Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi a 2012, labarin Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rufin asiri, da matarsa Rabi, uwar 'ya'ya tara. Harshensu ya bambanta, addinin taurarinsu ya bambanta, kuma tsakanin zamanin da labarin farko ya faru da na biyu akwai kusan shekara 70. Ɗaya ana karanta shi a jami'o'in duniya, ɗayan kuwa ya daɗe cikin jerin littattafan da wasu manazarta suka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, laƙabin da ba yabo aka nufa da shi ba.

Duk da wannan tazara, abu guda ya haɗa su. A duka biyun, ikon uba ya tsaya ne a kan ciyarwa, kuma ya faɗi ne ranar da uban ya mai da abinci makami a kan waɗanda aka ba shi riƙo. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa marubutan biyu sun ɗauki yunwa a matsayin ma'aunin halaccin iko, kuma duk inda mai iko ya hana ci, ikon yakan tashi ya koma hannun wanda ya bayar.

Iko mai sharaɗi

Kafin a ce wani ya ci amanar iko, sai an san inda ikon ya samo asali. Achebe bai bar mai karatu cikin duhu ba game da wannan. Ulu abin bauta ne da mutane suka kafa da hannunsu. Ƙauyuka shida ne suka gaji da harin mayaƙan Abam masu kama bayi, suka haɗa kai, suka tara bokayensu suka girka shi domin ya tsare su. Da suka zo zaɓen wanda zai yi masa hidima, sai suka ɗauko shi daga ƙauyen da ya fi rauni a cikinsu, don kada mai riƙe da tsafin ya haɗa ƙarfi biyu ya gagari kowa. Ke nan tun ranar farko akwai yarjejeniya: Ulu zai kare Umuaro, Umuaro za ta girmama Ulu, mai tsafi kuwa ɗan aike ne a tsakani. Babban aikinsa shi ne duban jinjirin wata. Duk wata ya gasa doya guda daga cikin tsarkakan doyan da aka keɓe ya ci, idan saura ɗaya ya shelanta ranar bikin sabuwar doya, sannan jama'a su sami izinin haƙar abin da suka noma. Kalandar gari da cikin jama'a duk suna rataye a bakin mutum guda.

A gidan Alhaji Abdu ma ikon ba kyauta ba ne. Bahaushe ya kira miji maigida, ya ba shi turaka, ya ba shi ta cewa a kan aure da saki da makomar 'ya'ya, amma ya ɗora masa ci da sha da sutura da muhalli. Malaman fiƙihu sun ɗaure shugabancin miji da nafaƙa, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Kano, mace tana da damar kai ƙara gaban alƙali idan miji ya kasa ciyar da ita. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Balaraba ta san masu karatunta sun san wannan sarai, shi ya sa ba ta tsaya dogon wa'azi ba. Ta buɗe ƙofar gidan kawai ta bar mu mu ga tukunya.

Abin lura shi ne, a al'ummomin biyu girman uba haƙƙi ne da ake biya da hidima. Kwarjinin Ezeulu da na Alhaji Abdu bashi ne a kansu. Bambancin taurarin biyu yana cikin yadda kowannensu ya ƙi biyan bashin.

Ezeulu da doya uku

Tun a babin farko Achebe ya shuka irin abin da zai tsiro a ƙarshe. Ezeulu yana zaune yana jiran wata, sai tunani ya ɗarsu a zuciyarsa game da girman ikon nasa: shin shi ne mai sa rana, ko kuwa mai gadi ne kawai da ke faɗin abin da ya gani? Idan ya ƙi faɗa fa? Wannan tunani ya ɓata masa rai, domin ya ga kamar ikon da ba a taɓa gwadawa ba bai cika iko ba. Daga wannan wuri mai karatu ya san cewa mutumin nan yana ɗauke da wata ƙishirwa, kuma wata rana zai nemi ya kashe ta.

Ba za a yi wa Ezeulu adalci ba idan aka ɗauke shi azzalumi tun asali. Mutum ne mai gaskiya da hangen nesa. Lokacin da Umuaro ta tashi yaƙi da Okperi a kan gona, shi kaɗai ya tsaya ya ce filin ba nasu ba ne, kuma ya maimaita haka a gaban Di'o, Kyaftin Winterbottom, alhali ya san danginsa ba za su yafe masa ba. Ya tura ɗansa Oduche wurin 'yan mishan domin ya leƙo masa asirin Bature, saboda ya gane duniya tana juyawa. Da aka yi masa tayin sarautar da Bature ke naɗawa, ya ƙi karɓa, ya gwammace zaman tsare. Waɗannan halaye ne na babban mutum, kuma su ne suka sa faɗuwarsa ta zama abin tausayi maimakon abin dariya.

Sai dai wannan gaskiya tasa tana tafe da raini. A cikin gidansa ba ya shawara da kowa. Babban ɗansa Edogo, mai sassaƙa, yana zaune da zargin cewa mahaifinsu ya karkata ga ƙaramin ɗansa Nwafo don ya gaje shi. Obika, kyakkyawa mai zafin zuciya da son giya, yana samun sassauci saboda uban yana ganin kansa a jikinsa. Oduche kuwa an aike shi ne kamar kayan aiki, ba a tambayi abin da zai zama idan abin da aka tura shi ya koyo ya shige shi ba. Ranar da yaron ya kulle mesa mai alfarma a cikin akwatinsa, gari ya ga abin da uban ya ƙi gani: wanda aka tura leƙen asiri ya zama ɗan gida a can. Matansa biyu, Matefi da Ugoye, suna cikin ƙananan rigingimu da yake kashewa da tsawa. Amininsa Akuebue ne kaɗai ke iya gaya masa magana mai ɗaci, shi ma sau da yawa sai dai ya faɗa ya tashi.

Tsarewar da aka yi masa a Okperi ta kwana 32 ita ce ta ba shi makamin da yake nema. Wata biyu suka tsaya ba ya gida, doya biyu ba a ci ba. Abin mamaki shi ne, a zaman nan fushinsa bai tafi kan Baturen da ya kulle shi ba. Ya tafi kan mutanensa, waɗanda suka yi masa habaicin cewa abokinsa ne ya kira shi. Da ya dawo, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gaishe shi, har zuciyarsa ta fara sanyi, ya soma tunanin sulhu. A daidai wannan lokaci ne ya ji muryar Ulu tana gargaɗinsa cewa faɗan ba nasa ba ne, shi kibiya ce kawai a bakan abin bautarsa. Nan ne sunan littafin ya fito, nan ne kuma gwanintar Achebe ta fi bayyana. Bai gaya mana ko muryar ta Ulu ce ko ta girman kan Ezeulu ba. Ya dai nuna mana lokacin da ta zo: daidai sa'ar da tausayi ya kusa rinjaye. Mai karatu mai lura zai tambayi kansa dalilin da ya sa umarnin sama ya yi daidai da abin da zuciyar mai fushi take so.

Da lokacin biki ya yi, Ezeulu ya ce doya uku suka rage masa, don haka lokaci bai yi ba. Manyan gari goma suka zo suka roƙe shi ya cinye sauran, suka ce idan akwai laifi ya hau kansu. A tsarin da ya kafa Ulu, wannan magana ta isa, domin waɗanda suka girka abin bauta su ne suke magana ta bakin dattawansu. Ya shiga ɗakin tsafi ya fito ya ce an ƙi. Ƙasa ta bushe, doya ta maƙale a cikinta, mutanen da suka noma abincinsu suka koma saye daga maƙwabta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ezeulu bai karya doka ko ɗaya ba. Bin ƙa'ida ya yi filla-filla. A nan Achebe ya tona wani nau'in zalunci da ya fi wuyar kamawa, wato na mai iko da ya fake da harafin doka ya kashe manufarta. An kafa al'adar cin doya ne don a san lokacin girbi, shi kuwa ya mai da ita dalilin hana girbi.

Alhaji Abdu da kuɗin cefane

Idan Ezeulu ya hana abinci da sunan abin bauta, Alhaji Abdu bai ma nemi hujja ba. Yana da shago, yana da ciniki, yana da suna a cikin 'yan kasuwa, amma abin da yake ajiye wa Rabi na cefane ba ya kai gidan ko'ina. Ita ce mai ciko, ita ce mai ƙoƙarin makarantar yara, shi kuwa aljihunsa a buɗe yake a waje. Salon Balaraba a nan salon lissafi ne. Tana bin kuɗi daga inda suka fito zuwa inda suka tafi, tana nuna abin da aka ci da abin da aka rasa, har mai karatu ya gane cewa talaucin gidan nan ƙirƙirarsa aka yi. Wasu manazarta sun ɗauki irin wannan rubutu a matsayin rashin ƙwarewa, suna ganin ya cika zancen tukwane da kayan ɗaki. Amma a gidan da mace ba ta da kujera a majalisa, tukunya ita ce kundin shari'arta. Marubuciyar ta kafa hujjarta a wurin da kowace mai karatu za ta iya tantance gaskiyarta.

Shekarar da littafin ya fito ma tana da muhimmanci. Tun 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira ya tsananta tsadar rayuwa. Magidanta da yawa sun kasa riƙe gidajensu ba da son ransu ba. Da Balaraba ta so, da ta ba tauraronta wannan uzuri. Ta hana shi. Ta zaɓi mai hali, domin ta raba tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi.

Auren Delu, tsohuwar karuwar da Alhaji Abdu ya shigo da ita, shi ne ya fasa ƙwai. Ya kamata a lura cewa littafin bai yi yaƙi da ƙarin aure a kan kansa ba, domin Saudatu, 'yar Rabi, ta sami kwanciyar hankali a gidan Alhaji Abubakar, attajirin da ya san haƙƙin iyali. Abin da littafin ya tuhuma shi ne mutumin da bai sauke nauyin gida ɗaya ba ya ɗauko na biyu, sannan da rigima ta tashi tsakanin matan ya yanke hukunci da son zuciya. Ya saki uwar 'ya'yansa, ya kore ta ita da yaran. Saki haƙƙi ne da shari'a ta ba shi, kamar yadda shelar biki take haƙƙin Ezeulu. Dukansu biyu sun yi aiki da abin da yake nasu ne. Laifinsu shi ne sun ɗauki abin da aka ba su don gyara sun yi ramuwa da shi.

Daga ranar da Rabi ta fita, labarin ya sauya alƙibla. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta ci gaba da karatunsu, ta aurar da 'yarta. Duk abin da ake kiran namiji maigida dominsa, ita ta yi shi. Alamar da marubuciyar ta zaɓa ba ta ɓuya ba: matar da aka hana kuɗin cefane ita ce ta koma ciyar da unguwa. Sunan uba yana nan a kan yaran, amma aikin uba ya koma wani hannu.

Manyan da ke kewaye

Babu ɗaya daga cikin taurarin nan da ya yi ɓarnarsa shi kaɗai. Kowannensu yana cikin da'irar manya da suka mai da jama'a dandalin gwada ƙarfi.

A Umuaro akwai Nwaka, attajiri mai baki, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka kai ƙololuwar muƙaman gargajiya. Shi ya zuga gari zuwa yaƙin Okperi, kuma a bayansa akwai Ezidemili, mai tsafin Idemili, wanda ke jin haushin fifikon da aka ba Ulu. Gabar da ke tsakanin waɗannan manya ta raba ƙauyuka, ta sa 'yan'uwa suna zargin juna da sammu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da talaka zai samu a ciki.

A sama da su akwai Turawa. Tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda Lugga ya gina a kan masarautun Arewa, an ɗauke shi an kai ƙasar Ibo inda yawancin garuruwa ba su san sarki guda mai yanke hukunci ba. Da ba a sami sarakuna ba sai aka ƙirƙire su da takardar izini. Achebe ya ba mu misalinsu a James Ikedi na Okperi, wanda ya kafa kotunsa ta haram da kurkukunsa, ya tatsi jama'a, aka dakatar da shi, na sama suka mai da shi kan kujera. Akwai Wright mai aikin hanya, wanda ya sa samarin Umuaro aikin da ba lada, ya zane Obika da bulala saboda makara, maganar kuma ta shiririce a tsakanin Turawan. Akwai Clarke, wanda ya ci gaba da tsare dattijo ba tare da ya san laifin da zai rubuta masa ba. Tarihi ya tabbatar da abin da labarin ya hango, domin a 1929 matan yankin Aba da kewaye suka yi bore a kan irin waɗannan sarakunan takarda. Ezeulu ya ƙi zama Ikedi, kuma wannan abin yabo ne. Abin takaicin shi ne, da ya dawo gida ya yi wa mutanensa abin da ya fi na Ikedi ciwo, domin Ikedi kuɗi ya karɓa, shi kuwa girbin shekara ya riƙe.

A Kano ta Balaraba da'irar ba ta da kakaki da tambari, amma tana nan. Ita ce duniyar alhazan kasuwa, inda ake auna mutum da shagonsa da rigarsa, ba a tambayar abin da aka dafa a gidansa. Shekara da shekaru Rabi tana cikin ƙunci, ba a ga wani taron maza da ya tilasta wa mijinta ya gyara ba. Ko alherin da ya zo wa gidan daga baya ta hannun wani attajirin ya biyo, wato mijin Saudatu. Wannan yana nuna iyakar duniyar labarin: mace tana iya tsira da guminta, amma ɗaukaka sai ta jingina da mai kuɗi na kirki. Samun na kirkin kuwa sa'a ce, ba tsari ba.

Inda ikon ya koma

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cocin Umuaro ya daɗe a gefen gari yana tattara 'yan tsiraru. Yunwa ce ta buɗe masa ƙofa. Malamin cocin, John Goodcountry, ya shelanta cewa duk wanda ya kawo doyarsa bikin godiya na Kirista zai iya girbe gonarsa ba tare da tsoron fushin Ulu ba. Mutanen da wa'azi bai motsa ba, ciki ya motsa su. Sannan Obika, wanda ya tashi da zazzaɓi ya yi gudun al'ada na dare a bikin mutuwar wani dattijo, ya faɗi ya mutu. Jama'a suka fassara mutuwar da cewa Ulu ya goyi bayan gari a kan mai tsafinsa. Ezeulu ya zauce. Magidanta suka riƙa tura 'ya'yansu coci da doya, aka yi girbi da sunan sabon addini. A ƙarshen littafin 'ya'ya ne ke ɗauke da abincin gida zuwa wurin da iyaye ba su taɓa zato ba, kuma wannan hoto ya isa bayani a kan inda iko ya nufa.

Faɗuwar Alhaji Abdu ta zo ta hanyar gobarar kasuwa da ta cinye dukiyarsa, auren Delu kuma bai jure talauci ba. A nan ne za a iya tuhumar zubin labarin. Masifar Ezeulu daga halinsa ta tsiro, kowane mataki ya haifi na gaba, har ma mutuwar Obika tana da saiwa a cikin zafin kai irin na gidan da matsin da gari ya shiga. Gobara kuwa daga waje ta zo. Da wutar ba ta tashi ba, da Alhaji Abdu ya ci gaba da shan iska a shagonsa. Ana iya kare marubuciyar da cewa sunan littafin ya riga ya yi alkawarin sakayya, kuma a tunanin masu karatunta alhaki yana da hanyoyin da ba sai hankali ya bi sawunsu ba. Duk da haka, dogaro da gobara yana ɗauke da wata magana mai nauyi, ko marubuciyar ta nufa ko ba ta nufa ba: a cikin al'ummar labarin babu wata hukuma, ko ta dangi ko ta unguwa, da ta isa ta hukunta mai kuɗi. Sai wuta.

Amma a rufe labari Balaraba ta fi Achebe ɗaci, kuma a ganina ta fi shi kusa da abin da ke faruwa. Alhaji Abdu ya dawo hannu rabbana yana neman a mai da aure. Rabi ba ta so. Mazan da ke kewaye da ita, waɗanda ba a ji ƙarfin muryarsu ba lokacin da take cikin wahala, su ne suka taru suka matsa mata ta koma. Wasu masu karatu sun ga wannan a matsayin ja da baya, kamar marubuciyar ta ji tsoron ƙarasa abin da ta faro. Karatun da ya fi dacewa shi ne a dubi abin da aka mayar. An mai da wa Alhaji Abdu suna da wurin zama, amma ba a mai da masa abin da ke sa a kira mutum maigida ba, domin mai ciyarwar ita ce wadda ya kora. A wurin Achebe ikon uba ya rushe gaba ɗaya, kowa ya gani. A wurin Balaraba an tashe shi an jingina da bango, an sa masa babbar riga, alhali kowa a gidan ya san hannun da ake lasa. Wannan ya fi rushewa muni, domin nauyin ya koma kan mace, girman kuwa ya zauna inda yake.

Ta wannan fuska littafin Kano ya cike wani giɓi da ke cikin na Achebe. A Arrow of God yunwar Umuaro daga bakin dattawa muke jin ta. Matefi da Ugoye suna nan a bakin murhu, amma ba a ba mu damar shiga zuciyarsu mu ji yadda hukuncin mijinsu ya sauka a kan tukwanensu ba. Achebe ya rubuta faɗuwar uba daga zaure. Balaraba ta rubuta ta daga madafa. Sai an haɗa su biyu ake ganin gidan gaba ɗaya.

Kammalawa

Littattafan nan biyu ba su musanta cewa akwai iska daga waje ba. Bature ya zo Umuaro da bindiga da coci, kuɗi da sauyin zamani sun shiga Kano. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a ce iskar ce kaɗai ta kayar da itacen. Ezeulu yana da damar cin doya uku ya ceci gari, dattawa sun ɗauke masa laifin, ya ƙi. Alhaji Abdu yana da abin da zai wadata gidansa, ya ƙi. Dukansu sun ɗauka girman da ake ba su mallakinsu ne, sun manta cewa jingina aka yi musu, kuma mai jingina yana iya karɓar kayansa.

Darasin ya wuce gida ya kai ga duk wani mai riƙe da abin da jama'a ke buƙata don su rayu, ko hatimi ne, ko rumbu, ko sa hannu a takarda. Mutane sukan jure tsawa, su jure son kai, har su jure kuskure, matuƙar tukunya tana kan wuta. Ranar da mai iko ya sa hannu ya sauke ta don ya nuna isa, ranar ce suke fara neman wata ƙofa. Wanda duk yake kukan cewa na ƙasa sun daina jin magana, ya kamata ya fara da tambayar da Achebe da Balaraba suka yi wa taurarinsu: da aka zo wurinka da yunwa, me ka yi?